Gem da manhajojin koyon Turanci: anya waya za ta iya koya wa yaro yaren da ba a yi a gidansu?

Tambayar da iyaye ke ta jefo min kwanan nan, a gidan biki, a bakin makaranta, har a WhatsApp, kusan ɗaya ce: wai idan na sauke wa yaro manhajar koyon Turanci a waya, ko na bar shi da irin gem ɗin nan na ABC, zai iya Turanci kuwa? Wacce ta fi kyau? Daga shekara nawa ake farawa?

Maganar ta ƙara zafi ne tun watan Nuwamban 2025, lokacin da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa an soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wanda aka fito da shi a 2022 zamanin tsohon minista Adamu Adamu, yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga nazare har jami'a. Hujjar ministan ita ce faɗuwar da yara ke yi a WAEC da NECO da JAMB, masu sukarsa kuma suka ce ai tsarin ko aiwatar da shi ba a yi ba yadda ya kamata, babu littattafai babu horar da malamai, ta yaya za a ɗora masa laifin faɗuwar ɗaliban da suka bar firamare tun kafin a kawo shi. Wannan rigimar manya ce. Abin da ya iso cikin gida shi ne tsoro, uwa na ganin in ɗanta bai kama Turanci da wuri ba an bar shi a tasha, ga malamin lesin kuɗi ne, makarantar kuɗi sai wane da wane, waya kuwa ga ta nan a hannu. Ni dai na yi shekaru ina koyar da 'yan nazare da 'yan aji ɗaya, ina kuma da nawa yaran a gida da muke fama da waɗannan abubuwan tare, shi ya sa na ce bari na zauna na warware zancen yadda na fahimce shi.

Wai "ya iya Turanci" ɗin me ake nufi?

Nan ruɗanin yake, don abu uku muke cusawa a buhu ɗaya mu kira su Turanci. Akwai jin yaren da mayar da magana, wato a ce wa yaro ɗauko kaza ya ɗauko, in ƙishirwa ta kama shi ya iya faɗa. Akwai haɗa baƙi, ya ga rubutu ya furta shi. Sannan akwai gane abin da aka karanta. Duk wanda ya yi makarantar allo ba sai an yi masa dogon bayani ba, ka yi babbaƙu, ka yi farfaru, ka kai inda kake jan baƙi tiryan-tiryan ba gargada, amma hakan bai sa ka iya hira da Balarabe ba, ma'ana sai ka durƙusa gaban malami an fassara maka. Abin nan da ake kira foniks, wanda makarantun kuɗi ke rubutawa ɓaro-ɓaro a allon tallarsu, babbaƙu da farfarun Turanci ne. Yana da muhimmanci ƙwarai, amma ba shi ne yaren ba.

Wata rana maƙwabciyata ta shigo da 'yarta mai shekara huɗu tana ta fara'a, ta ce "Anti fito ki ji 'yarki, wallahi Turanci take zubawa kamar a Ingila aka haife ta." Yarinya ta tsaya tsakar gida ta harɗe hannu ta rero waƙar haruffa daga A har Z, ta ƙirga ɗaya zuwa ashirin, ta jero launuka, red, blue, yellow, har da irin lanƙwasa harshen nan na 'yan katun. Na tafa mata sosai don ta cancanta. Sai na ce mata a hankali "bring your shoes", takalman kuwa suna nan bakin tabarma dab da ƙafarta. Ta kalle ni, ta kalli uwarta, sai ta sake kamawa daga A. Na ga jikin uwar ya yi sanyi, na ce 'yar'uwa kar ki damu, abin da ta samu ba asara ba ne, kunnenta ya saba da sautin, bakinta ya buɗe, ba ta jin kunyar furtawa, illa dai hadda ce ta yi, ba a kai ga ma'ana ba tukuna.

Abubuwan da ke cikin wayar ba iri ɗaya ba ne

In an ce manhajar Turanci sai a ɗauka duk kanwar ja ce. Mafi yawan abin da yaranmu ke kallo ma ba manhajar koyarwa ba ce, bidiyon waƙoƙi ne da katun a YouTube ko YouTube Kids, ko wanda aka turo ta Xender daga wayar wani. A nan yaro zaune kawai yake ana zuba masa, ba wanda ke tambayarsa komai, ba wanda ke jiran amsarsa. Shi ke haifar da irin Turancin 'yar maƙwabciyata.

Sai gem na haruffa da sauti, inda yaro ke taɓawa, ya jawo harafi ya ajiye a gurbinsa, ya bi layi da yatsa ya zana shi. Starfall na cikin tsofaffinsu, tun 2002 yake, wani ɓangare kyauta wani sai an biya. Khan Academy Kids ta fito a 2018, ta 'yan shekara 2 zuwa 8 ce, kyauta kuma ba talla a ciki. Duolingo ABC ta zo a 2020, ita ma kyauta, amma a kula daban take da Duolingon manya mai koriyar mujiya, na ga iyaye da yawa suna sauke ta manyan su miƙa wa ɗan shekara huɗu. Akwai Teach Your Monster to Read daga Ingila, a kwamfuta kyauta ne, a waya saye ake. Shi ma Jolly Phonics ɗin da malaman firamare da dama a jihohinmu suka je horo a kansa, mai sauti 42 kowanne da motsin hannunsa, yana da nasa manhajojin.

Akwai kuma wadda ita ce ke sauraron yaro, kamar Read Along ta Google da aka fara a Indiya a 2019 da sunan Bolo. Yaro ke karanta labari da ƙarfi wayar na ji, in ya kakare sai wata 'yar katun da ake kira Diya ta taya shi, kuma in an riga an sauke labaran tana aiki ba data. Sai dai wannan ta wanda ya fara haɗa baƙi ce, ba ta ɗan shekara uku ba.

Na ƙarshe su ne waɗanda aka fi rainawa don ba su da tsalle-tsalle da ƙarar tafi, alhali a wurina sun fi dacewa da mu: rumbunan littattafan yara masu hoto, irin African Storybook na Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya, da Global Digital Library. Kyauta ne, akwai na Hausa a ciki, kuma sau da yawa labari ɗaya za ka same shi da Hausa ka kuma same shi da Turanci. Ga Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, akwai darussa da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Shafin LearnEnglish Kids na British Council shi kuma dama don yaran da Turanci ba yarensu ba ne aka yi shi, duk da cewa bayanin cikinsa shi ma da Turancin ne.

Don wane yaro aka ƙera su?

Ga abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ƙashin bayan maganar. Yawancin gem ɗin nan masu suna an yi su ne don yaron Amurka ko na Ingila wanda ya sha Turanci tun a nono, karatu kawai ake koya masa. Kafin ya taɓa wayar ya riga ya san dubban kalmomi, in gem ya haɗa masa c da a da t ya ce cat, nan take kyanwar gidansu ta faɗo masa a rai, aiki ya kammala. Namu yaron kuwa kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda, ya koyi haɗa baƙin, ya kuma koyi me kalmar ke nufi, ga umarnin da gem ɗin ke bayarwa, taɓa nan, jawo can, nemo wanda ya yi daidai da wannan, shi ma duk da Turancin da bai ji ne.

Na taɓa zama bayan autana ina kallon yatsansa yana buga wani gem, lokacin yana shekara biyar. Murya za ta faɗi kalma, hotuna uku su fito. Sai ya taɓa na farko, a yi ƙarar kuskure, ya taɓa na biyu, a sake, ya taɓa na uku sai taurari su zubo ana tafi. Haka ya dinga yi har ya haye mataki na goma sha wani abu, ko sauraron muryar ba ya yi, ya ma rage ƙarar. Ya gano lagon gem ɗin ne, bai koyi kalmar ba. Da aka zo harafin i sai ga hoton igloo, ɗakin ƙanƙarar nan na mutanen can ƙuryar arewacin duniya, ya juyo ya ce "Umma, akurkin kaji ne?" Gaskiyarsa, abin da ya fi kama da shi a duniyarsa ke nan. Yaron da ko ƙanƙarar sama sai a shekara ya gani sau ɗaya ake so ya riƙe harafi da ɗakin da aka gina da ita. Tun daga ranar na daina yarda da yawan taurari ko matakin da yaro ya kai, sai na kashe wayar na tambaye shi da bakina.

Sai maganar sauti. Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun kai wajen 44, harafin a kaɗai dubi yadda yake sauya murya a cat da cake da car da call. Hausar boko ba haka take ba, kusan abin da ka rubuta shi za ka karanta, ba be bi bo bu, shi ya sa yaro ke saurin kama ta. Kuma akwai sautukan da babu su a bakinmu. Mu p da f ba mu raba su, shi ya sa pan da fan ke zame wa yaro abu ɗaya, v takan koma b, th ɗin this takan koma z ko d, kuma ba ma son baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani, ai shi ya sa bread ya zama burodi a bakinmu. Wannan ba nakasa ba ce, kowane yare da tsarinsa, Bature ma a ba shi ƙ da ɗ da ɓ a ga yadda zai yi. Amma gem ɗin da aka yi wa ɗan Amurka bai san da wannan matsalar ba balle ya tsaya a kanta. Manhaja mai sauraro za ta iya nuna wa yaro bai faɗa daidai ba, ba za ta gaya masa ina zai sa leɓensa ba. A aji abin da nake yi shi ne na ba kowa ɗan yankin takarda ya riƙe gaban baki, in ka rufe leɓe ka saki p takardar za ta yi tsalle, in f ce sai haƙoran sama su hau leɓen ƙasa iska ta fita a hankali. Minti biyar yara na dariya suna hura takarda, abin ya zauna, kuma har gobe ban ga wayar da za ta kama haɓar yaro ta ce ɗaga haƙoranka ba.

Me bincike ya nuna?

A 2003 wata masaniya a Jami'ar Washington da ke Seattle, Patricia Kuhl, ta yi gwaji da jarirai 'yan wata tara na gidajen da Turanci kawai ake yi. Aka riƙa kawo su zama 12 wasu mutane na yi musu wasa da karatu da yaren Mandarin na Sin. Wasu jariran ido da ido aka yi musu, wasu aka nuna musu mutanen a bidiyo, wasu murya kawai aka sa musu. Waɗanda aka yi wa ido da ido kunnensu ya koyi rarrabe sautukan yaren, na bidiyo da na murya kuwa kamar ba a yi ba. Wannan kan jarirai ne, yaron da ya kai uku zuwa sama yana tsintar kalmomi daga bidiyo, musamman in da babba a gefensa yana tanka masa. Amma masu jingina waya gaban ɗan wata takwas wai ya tashi da Turanci, gaskiya ba abin da yake samu sai hasken gilashi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai shaidar cewa manhaja na koyar da karatu da gaske. An yi wata babbar gasa, Global Learning XPRIZE, wadda Elon Musk ya zuba wa dala miliyan 15, aka raba wa yara wajen 2,700 tablet ɗauke da manhajojin koyon karatu na masu gasar a ƙauyukan yankin Tanga na Tanzaniya, aka kafa musu wurin caji na sola, aka bar su wata 15. Da farko sama da kashi 90 cikin ɗari ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa, a ƙarshe adadin ya ragu da kusan rabi, a 2019 aka raba kyautar tsakanin biyu daga masu ƙera manhajojin, Kitkit School da onebillion. Abin lura, da Swahili aka koya musu, yaren da suke ji a kewayensu. Mu ma nan gida masu bincike na Bankin Duniya sun yi irin wannan a ƙauyukan Kano da Jigawa, aka ba gidaje wayoyi da cajar sola, a ciki an sa gem ɗin Feed the Monster da littattafan Global Digital Library, karatun yaran ya ƙaru, har yayyensu da ba don su aka bayar ba sun amfana. Nan ma da Hausa aka yi.

Kun ga inda zancen ya dosa. Inda waya ta yi rawar gani, karatu ta koyar cikin yaren da yaro ya riga ya sani. Dama tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, yaron da ya gane cewa b da a su ne ba, ya karanta "Baba ya tafi kasuwa" ya kuma san me ya karanta, in ya zo Turanci ba daga tushe zai fara ba. Abin na ba ni takaici in na ji uwa na hana yaro littafin Hausa wai kar ya ɓata masa Turanci.

Masu cewa a ba su, da masu cewa a hana

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi kuma bai kamata a raina ta ba. A aji mai yara tamanin ko ɗari, yaushe malama za ta saurari karatun kowa? Wani malamin shi kansa Turancin bai zauna masa ba, ba laifinsa ba ne, haka aka koya masa. Waya ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta ɗaga bulala, za ta maimaita kalma sau hamsin da furuci mai kyau, yaro mai jin kunya da ba ya iya buɗe baki a aji sai ka gan shi a lungu yana ta gwadawa shi kaɗai. Ga 'yar talaka da ba za a taɓa ɗaukar mata malamin lesin ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu adawa su ma ba don ƙauyanci suke yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar da shi gaban sikirin, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Mu kuwa sau nawa ake miƙa wa yaro waya tun la'asar har ya yi barci da ita a ƙirji, don uwa ta samu ta yi girki, sai a kira abin karatu. Ban ga laifin uwar ba, na san gajiyar, amma mu kira abu da sunansa, raino ne wayar ke yi. Sannan ga abin da ke biyo bayan bidiyon ABC ɗin, YouTube ba ya tsayawa, wani na ƙarewa wani zai hau, cikin minti ashirin yaro ya bar haruffa ya faɗa wani abin da ba za ka so ya gani ba. Kakanni kuma nasu kukan daban, Hajiyarmu kullum faɗanta jikoki sun iya "hi" da "bye bye" amma ba su iya durƙusawa su ce ina kwana ba, ba mai zama a yi masa gatanan gatananku. Tana da gaskiya, yaron da aka cika masa kunne da Turancin katun aka kuma daina hira da shi da Hausa yakan tashi biyu babu, can bai kai ba nan bai zauna ba. Ƙwaƙwalwar yaro na ɗaukar yare biyu har uku ba matsala, dubi yaran Sabon Gari ko na Jos ko na zangon Kumasi, amma daga bakin mutane suke ɗauka, a wasa da faɗa da aike.

Kyauta ce, amma wa ke biya?

Bidiyo shi ne mai shan data, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa ya ji a jikinsa. Gem ɗin da ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba intanet ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai yana cin wuri, ƙaramar waya takan cika ta dinga tsayawa. Dabarar da nake bi ita ce in sauke abin da nake so, in zan miƙa wa yaro in kashe data gaba ɗaya, talla ta ragu, ba kuma inda zai zarce.

A yi hattara da masu cewa gwaji kyauta na kwana bakwai amma sai ka sa lambar kati. Ƙanena ya sa katinsa a wata manhaja don 'yarsa, yarinya ta yi kwana uku ta gaji da ita, har an goge ta daga wayar, shi dai sai ganin alat yake duk wata ana zare masa kuɗi da lissafin dala, sai da ya shafe wata huɗu kafin ya gano daga ina ne. Goge manhaja ba ya tsayar da biyan, sai ka shiga Play Store wajen da ake soke rajistar ka soke da hannunka. Ba mu kaɗai abin ke ci ba, a Amurka ma a 2020 kamfanin da ke da manhajar yara ta ABCmouse ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan hukumar kare masu saye ta ƙasar ta zarge shi da sabunta wa iyaye rajista ba tare da bayyana musu ba da kuma wahalar da su wajen sokewa. A 2019 kuma Google da YouTube sun biya dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. Saboda haka in gem ɗin haruffa ya ce a ba shi izinin ganin lambobin wayarka ko inda kake, tambayi kanka me harafin A zai yi da su.

In uwar ba ta jin Turanci fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni, don mafi yawan masu tambayata ke nan, sai su ce Anti ke kin yi boko, mu fa? Abin da nake gaya musu shi ne ba Turancinki yaron ke buƙata ba, zamanki yake buƙata. Minti goma sha biyar kina gefensa ya fi awa uku shi kaɗai. In an gama ɗan labari ki dakatar ki ce me ya faru, wa ya gudu, me ya sa yarinyar ke kuka, ya ba ki da Hausa. In ya iya bayarwa ya gane, in ya yi shiru to ya yi masa nauyi, a koma baya. Ki ce ya koya miki kalma biyu, yara na son su ga sun zama malamai, kuma abin da ya koyar ba ya mantawa. Sannan a fito da kalmar daga cikin waya a kawo ta tsakar gida, in yau an koyi cup da spoon da door, to a nemo kofi da cokali a taɓa ƙofa, gobe da safe a sake tambaya. Kalma biyar da yaro zai yi aiki da su sun fi hamsin na waƙa.

Kuma kusan kowane gida akwai ɗan sakandare, ko yaya ko ɗan maƙwabta ko ƙanin miji, a ɗora masa wannan aikin, ya zauna da ƙaramin su yi gem ɗin tare, ya riƙa aikensa da Turanci, come, sit down, give me, open the door, ko da Turancin nasa ba mai yawa ba ne ya isa a fara. Ɗan ƙasa da shekara biyu a bar shi da hira da waƙa da goyo. Daga uku zuwa biyar a fi ba da ƙarfi kan ji da magana da labari, ba a matsa masa da rubutu ba. In ya kai biyar zuwa shida a kama haɗa baƙi, ni da Hausa nake farawa sannan na shigo da foniks ɗin Turanci, a nan ne gem ɗin haruffa da manhaja mai sauraro ke da amfani sosai, don yanzu ya san me yake nema a ciki.

Maƙwabciyar tawa aji uku ta yi a firamare aka cire ta. Na sauke mata labarai guda shida masu hoto, kowanne da Hausa da Turanci, ita takan lallaɓa ta karanta na Hausar, babban ɗanta da ke JSS 2 ya karanta na Turancin bayan magariba. Shekaranjiya ina shanya na jiyo su ta katanga, yarinyar na cewa "Umma ba haka ba ne, goat akuya ce, kare shi ne dog, sake faɗa", uwar ta sake faɗa, yayan ya ce to yanzu wa zai kawo min my shoes, sai na ji ƙarar gudu zuwa bakin ƙofa.